Bel Ɗin Manyan Injina: Abin Da Ke Cinye Shi Da Abin Da Yake Cinyewa

Duk wanda ya saba shiga garejin manyan motoci a Maraɗi, ko ya taɓa tsayawa inda ake aikin hanya, yana iya yin wannan gwajin da kansa. Ya leƙa gaban injin tifa, ko gireda, ko janaretan da ke ba wurin wuta, ya nemi murfin ƙarfen da kamfani ya rufe bel da shi. A injina da yawa ba zai same shi ba. Ramukan kusoshin suna nan, wasu har sun yi tsatsa, amma murfin ya daɗe da tafiya. In ka tambaya, amsar kusan ɗaya ce: yana hana aiki, kullum sai an ɗaure bel, kuma ba mai son kwance kusoshi safe da yamma.

Ba ƙarya suka yi ba, kuma a cikin amsar tasu matsalar take. Bel mai lafiya da ke kan puli mai lafiya, wato kewayayyen ƙarfen da bel yake zagayawa a kansa, bayan ɗaurin farko da na biyu, yana iya yin watanni ba a kai masa sifana ba. Idan inji ya kai ga kowace safiya sai an ja bel ɗinsa, to akwai abin da ya lalace aka bar shi. Wannan lalacewar ce ta kori murfin, ita ce kuma take kai hannun yaron gareji kusa da abin da ke juyawa sau da yawa a mako. Mutane sukan raba zancen gida biyu, su ce ga na gyara, ga na kiyaye haɗari. A ganina zance ɗaya ne, kuma daga wurin gyaran ya kamata a faro shi.

Bel ɗin da aka fi sani, mai faɗi daga sama da tsukakken ƙasa, wanda ke zama cikin kwarin puli, wani Ba'amurke ne mai suna John Gates ya fito da shi a 1917 a birnin Denver. Dabarar da ke cikinsa ita ce da gefunansa biyu yake kama puli, ba da cikinsa ba. Duk sanda inji ya ja, bel ɗin yana ƙara cusa kansa cikin kwarin, gefunan su ƙara matsewa, riƙon ya ƙaru. Don haka dole a sami ɗan fili tsakanin ƙasan bel da gindin kwarin. Ranar da bel ya zauna a gindi, riƙonsa ya ƙare, ko nawa aka ja shi. A cikin robar kuma akwai zaruruwa da aka jera a tsawonsa. Su ne ke ɗaukar nauyin ja, ita robar aikinta riƙo ne da kare su. Wanda ya gane waɗannan abubuwa biyu, gefuna da zaruruwa, ya gane dalilin yawancin ka'idojin da ke cikin littafin inji.

Akwai na biyu, faffaɗa mai tsaga-tsaga a ciki, wanda guda ɗaya yake zagaye puli biyar ko shida, da ƙaramin puli mai sifirin da ke matse shi da kansa. Shi ne a yawancin sababbin motoci da injinan da 'yan kwangila ke shigowa da su, kuma irinsu sai ƙaruwa suke a yankinmu, musamman tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021. Sai kuma tsohon bel mai faɗi shafal na injinan niƙa, wanda zancensa na nan tafe.

Abin da bel yake juyawa ya bambanta daga inji zuwa inji, kuma direban da bai san na injinsa ba a makance yake aiki. A injin Cummins 6BT, wanda ke cikin loda da injinan haƙa da janareta da dama, bel ɗaya ne ke juya fanka da altaneta mai cajin batir da famfon ruwa. Yana tsinkewa ruwa ya daina zagayawa nan take. A Caterpillar 3306 kuwa haƙoran giya ne ke juya famfon ruwan, bel na fanka ne da altaneta, saboda haka zafin yakan ɗan jinkirta, amma zai hau. Waɗanda suka fi saurin cutuwa su ne injinan Deutz masu sanyaya da iska, da ba su da lagireto sam. Bel ne ke juya fankar da ke hura iska a jikin silinda, in ya tafi babu ruwan da zai riƙe zafin ko na ɗan lokaci. Shi ya sa kamfanin ya sa musu makunnin gargaɗi a jikin pulin da ke matse bel ɗin, kodayake a tsofaffin injina sau da yawa za ka tarar wayarsa a yanke tana lilo. Direban tirela da fitilar batir ta kama masa kwatsam tsakanin Maraɗi da Tasawa, kada ya ce bari in ƙarasa gari a duba min wuta. Ya tsaya ya duba bel tukuna, domin sau da yawa wannan fitilar ce sanarwar farko cewa ya tsinke, kuma 'yan kilomitocin da zai ƙara suna iya ƙona gasket ko su lanƙwasa kan inji.

Ƙasarmu ba ta yi wa roba sauƙi ba. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin ɗakin injin da ke aiki tun safe a ramin ɗibar marmara. Masu ƙera bel suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin jikin bel yana rage kwanakinsa da kusan rabi. Ke nan bel ɗin da zai yi shekaru a ƙasar sanyi ba zai yi su a nan ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Amma akwai zafin da mu muke ƙara masa: bel mai zamewa yana gogar puli, gogar tana haifar da zafi, zafin yana ƙona fuskar robar ta taurare ta yi ƙyalli, mai ƙyalli kuma ya fi zamewa. Da ya shiga wannan zagayen ba ya fita.

Sai ƙura, wadda a ganina ita ce babbar mai laifi a Maraɗi, kuma ita aka fi rainawa. Ƙurar hunturu da ta jar ƙasa suna shiga tsakanin bel da puli, su yi wa ƙarfen abin da yashi yake yi wa gindin tukunya a hannun mai wanke-wanke. A hankali gefunan kwarin, waɗanda ya kamata su kasance a miƙe, sai su rarake su yi ciki. Kwarin ya buɗe, bel ya nutse, har ya kai gindi. Ana iya gane wannan ba tare da wani kayan awo ba. Inji a kashe, a duba inda bel ya zauna: bayansa ya kamata ya yi daidai da bakin puli ko ya ɗan ɗara shi. In ya lume ciki sosai, ko dai bel ɗin ya cinye ko pulin. A cire shi a haska gindin kwarin da tocila. Gindin puli mai lafiya dusu-dusu yake, wani ma da fentinsa, tunda ba abin da ke taɓa shi. In ya goge yana walƙiya, bel ya daɗe yana tafiya a kansa, kuma sabon bel ba zai warkar da komai ba. Zai yi shiru na 'yan kwanaki ya koma kuka.

Daga nan ne ɓarnar take yaɗuwa. Bel yana kuka, maigida ya ce a ƙara ja. Yaro ya sa liba a bayan altaneta ya danna da duk ƙarfinsa, ɗan'uwansa ya ɗaure noti. Kukan ya tsaya, kowa ya ce an gyara. Amma nauyin da aka ɗora bai tsaya a kan bel ba, ya sauka a kan boris, wato ƙwallayen ƙarfen da ke sauƙaƙa juyawa, na altaneta da na famfon ruwa da na fanka, waɗanda ba a yi su don ɗaukar wannan jan ba. Bayan wata ɗaya ko biyu altaneta ta fara gurnani, famfon ruwa ya fara ɗiga ta ramin da ke ƙasansa, sai a ce kayan yanzu ba su da kyau. Wani lokaci gaskiya ne ba su da kyau. Sau da yawa kuwa pulin da aka ƙi canzawa ne ya ci su ɗaya bayan ɗaya, alhali kuɗinsa bai kai na altaneta ɗaya ba.

To yaya ake sanin ɗauri ya yi daidai? Hanyar da aka saba ita ce a danna bel a tsakiyar tazara mafi tsawo tsakanin puli biyu, a ga iya lotsawarsa. Ka'idar masu ƙera bel ita ce milimita 16 a kowace mita ɗaya ta tazara, wato in tazarar rabin mita ce, milimita 8. Sai dai lotsawa ba ta da ma'ana in ba a san da wane ƙarfi aka danna ba, kuma nan ne babban yatsa yake yaudara, don yatsan maigida da na yaron da ya shigo koyo bara ba ɗaya ba ne. Littattafan wasu manyan injinan dizal suna cewa a danna da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 11, bel ya lotsa wajen santimita ɗaya zuwa biyu, gwargwadon injin. Akwai ɗan ma'auni mai sifirin da aka yi don wannan aikin, bai fi alƙalami girma ba sosai, kuma garejin da ke taɓa injinan miliyoyi bai kamata a rasa shi a ciki ba. In babu shi, ko ƙaramin sikelin rataye da ma'aunin tela sun fi yatsa.

Sabon bel yana saki bayan an sa shi, saboda yana gyara zama cikin kwarin. Wannan sakin na halal ne. A bar inji ya yi aiki kamar minti 30, a kashe, a sake aunawa, sannan a ƙara dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu na aiki. Bayan haka ya kamata ya zauna. In bai zauna ba, a daina ja, a nemi dalili.

Dalilin kuma yana iya kasancewa tun daga kanti. Yadda aka saba saye shi ne a ba yaro tsohon bel ya hau babur ya je a gwada masa da ido. Tsohon kuwa ya miƙe, gefunansa sun cinye, ba shi ne girman da kamfani ya sa ba. Lambar da ke bayansa ita ce abin bi. Mai harafin A faɗin bayansa milimita 13 ne, B 17, C 22. Akwai kuma SPA da SPB, waɗanda faɗinsu ya yi kusa da na A da B amma sun fi su zurfi, don haka a hannu sai ka rantse ɗaya ne, a kan puli kuwa ba ɗaya ba ne. A mai tsaga-tsaga, in ka ga 8PK1500, tsaga takwas ke nan, tsawo milimita 1500. Ya kamata a rubuta lambar a jikin injin da fenti tun bel yana sabo, domin ita ce farkon abin da ke gogewa.

Ina kuma duba inda mai kanti ya ajiye kayansa. Bel yana son inuwa da sanyi, ƙasa da digiri 30 in da hali, kuma in an ajiye shi haka yana yin shekaru bai canza ba. Wanda aka rataye a ƙusa ɗaya a bakin rumfa, rana tana dukansa tun daga bazara har kaka, ya tsufa tun ba a sayar ba, kuma inda ƙusar ta riƙe shi ya riga ya lanƙwashe. Na jabu ma suna nan da sunan manyan kamfanoni a bayansu. Arha dai ba ta ado.

Inda bel biyu ko uku suke tafiya jere a puli ɗaya, kamar a fankar manyan injina, ana canza su ne gaba ɗaya. Na san ciwon da ke cikin wannan, mutum yana ganin biyu lafiyayyu a ce ya zubar. Amma sabon ya fi tsofaffin gajarta, shi kaɗai zai ɗauki nauyin da aka raba wa uku, su kuwa suna kaɗawa a banza, kuma shi zai riga su mutuwa. Tsofaffin a ajiye su a akwatin mota don ranar tsiya a daji. Haka nan wurin sawa: a sassauta altaneta ko abin ɗaurin har bel ya shiga da hannu. Ɗana shi a bakin puli da sukudireba a murɗa inji ya haye yana tsinka zaruruwan ciki ba tare da an ga komai a waje ba. Bel ɗin da ke juyewa a cikin kwari, ko ya yi ta faɗowa ba dalili, sau da yawa ranar sa shi aka kashe shi.

Daidaiton puli ma abin dubawa ne, kuma ba ya cin kuɗi. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko a ja zare a fuskar puli biyu, ya taɓa kowanne a wuri biyu. In akwai gibi, ɗaya ya karkace, galibi don ƙafar altaneta ta tsage an yi mata walda a gurguje, ko an rasa wani wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huji da ake sawa a jikin kusa, a bayanta. Bel ɗin da gefe ɗaya kawai ya cinye, wannan labarin yake bayarwa. Tsohon bel gaba ɗaya abin karantawa ne kafin a jefar. Mai laushi da kumburi, baƙin mai ko gas yana zuba a kansa, sai a nemi inda yake yoyo. Mai ƙyalli da tauri, zamewa ya yi. A mai tsaga-tsaga, ƙananan tsagewa da suka ratsa faɗinsa ba su cika zama matsala ba, amma in tsagewa ta bi tsawonsa ta haɗu da su, ko wani yanki ya ɓalle, ya gama. Sai dai a lura, yawancin na zamani da wata roba da ake kira EPDM ake yin su, ita kuwa ba ta cika tsagewa ba, cinyewa take a hankali har tsagar ta yi zurfi. Makanikin da ke jiran ya ga tsagewa kafin ya canza zai daɗe yana jira bel yana zamewa.

Yanzu ga inda jini yake zuba. Bel yana kuka, ba a son tsayar da aiki, sai a nemi abin da za a goga masa: sabulu, kyandir, wani ma man birki. Duk cikinsu babu mai magani, mai kuwa lalata robar yake. Abin da ya fi muni shi ne ba a iya goga su sai inji yana tafiya. A yi lissafi. Janareta yana juyawa sau 1500 a minti. In faɗin pulinsa santimita 20 ne, bel ɗin yana gudun kusan mita 16 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 56 a awa. Kafin mutum ya ji an fizge shi ya janye hannu yakan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa, a lokacin bel ya riga ya yi tafiyar mita huɗu. Babu ƙwarewar da ke cike wannan gibin. Wanda ya yi shekara talatin yana yi bai rasa yatsa ba, sa'a ya yi ta ci, saurin hannunsa bai taɓa kai na bel ba.

Kuma ba kasafai bel yake fara kama hannu ba. Abin da ke jikin mutum yake fara kamawa: tsumman da ake goge mai da shi, hannun riga mai faɗi, jelar rawanin da aka naɗa saboda ƙurar hunturu, carbi a wuya, zobe, har safar hannu, wadda mutane ke ɗauka kariya ce alhali kusa da abin da ke juyawa ita ce ke jan yatsu ciki. Wurin da bel yake shiga puli shi ne bakin, duk abin da ya taɓa nan ya tafi.

Wannan ya fi damuna a injinan niƙa na unguwanni da ƙauyuka fiye da a gareji. A gareji aƙalla waɗanda ke wurin sun san inji. A wurin niƙa kuwa mata ne da mayafi da dogon hijabi, da yaran da aka aiko da ƙwaryar gero, a ɗaki ƙarami mai duhu da ƙurar gari, ga dogon bel a buɗe daga inji zuwa maniƙa a daidai gwiwa ko ƙugu. Irin wannan bel ɗin sau da yawa an haɗa bakinsa da ƙarfe ko ƙananan kusoshi, kuma mahaɗin nan yana kama zane fiye da robar kanta. Ga al'adar tura bel kan puli da sanda ko da ƙafa inji yana gudu. Mai walda na unguwa yana iya yin ragar ƙarfe da za ta rufe bel ɗin daga puli zuwa puli a yini ɗaya. Raga ta fi faranti rufaffe saboda zafi yana fita kuma ana ganin bel ta ciki, sai dai idanunta su zama ƙanana yadda yatsan yaro ba zai shiga ba. In aka yi ta tana buɗewa kamar ƙofa da sakata ɗaya, hujjar cewa murfi yana hana aiki ta faɗi, a wurin niƙa da a jikin gireda duka. Masu kawo niƙa kuma a yi musu iyaka, su miƙa daga bakin ƙofa.

Kashe inji kafin a taɓa bel kowa ya san shi. Abin da ba a cika yi ba shi ne tabbatar da cewa ba zai tashi ba. Haɗari da yawa ba daga makanikin yake zuwa ba, daga mutum na biyu ne: direba yana zaune a sama bai ga wanda ke ƙasa ba, ya ji wani ya ce "tayar" a motar da ke gefe, ya murɗa makulli. Don haka makulli ya kasance a aljihun wanda hannunsa ke cikin inji, ba a jikin mota ba, ba a hannun direba ba, ko da direban Alhaji ne mai motar da kansa. Manyan injina da yawa suna da makunnin yanke batir, a kashe shi a zare. Inda babu, a cire wayar batir ta jiki, wato mai alamar ragi, ita ake fara cirewa ita ake ƙarasa mayarwa. Wannan yana kuma hana sifana haɗa wuta a bayan altaneta, inda waya mai rai take ko makulli a kashe.

Kafin nan a sauke bokiti ko wuƙar gireda ƙasa, a ja birkin hannu, a sa weji. Loda mai karyewa a tsakiya tana da ƙarfen da ake kulle gaɓar da shi, a sa shi in za a tsaya a wurin. Motar da ake kifa kanta gaba don a kai ga inji, a kifa shi har ƙarshe ko a sa matokarinsa, kada a shiga ƙarƙashi da dogaro ga jak kawai. A bar inji ya huce, kada kuma wanda ya ga bel ya tsinke inji ya yi zafi ya garzaya ya buɗe murfin lagireto, ruwan da ke ciki a matse yake kuma ya wuce tafasa.

Ko inji a kashe, abubuwa biyu suna cizo. Na farko juya inji da hannu don a duba bel duka: ana kama bel a ja, matsin silinda ya tura puli gaba ko ya dawo da shi baya, yatsu su shige ƙarƙashi. A juya da sifana a kan notin puli, kuma a tsofaffin injinan dizal a rufe mai tukuna, don suna iya kamawa in aka juya su. Na biyu pulin nan mai sifirin. Ƙarfinsa ya fi yadda ake zato. Ana ɗaga shi da dogon hannun soket da ya zauna daram a raminsa, a sake shi a hankali, kuma kada yatsa ya shiga tsakanin bel da puli yayin da wani yake riƙe da shi. In ana ɗaga shi ana jin yana cijewa, ko ya karkace, ko inji na tafiya yana rawa da yawa, shi ma ya gaji, a canza shi tare da bel. Kafin a cire bel mai zagaye da yawa a ɗauki hotonsa da waya, domin in aka bi da shi ta hanyar da ba ita ba yana iya shiga daidai amma ya juya famfon ruwa a baibai.

Gaskiya ne akwai cutar da ba a gane ta sai inji yana tafiya. A nan ido da kunne ne ke aiki, hannu a baya, riga a soke, mutum ya tsaya gefe ba saitin bel da fanka ba, wani kuma yana tsaye a wurin kashewa yana kallonsa. Dogon kuka lokacin tayarwa ko lokacin da aka taka mai yawanci sakin ɗauri ne. Ƙaramin tsuwwa mai maimaituwa yawanci karkacewar puli ce. A mai tsaga-tsaga ana iya fesa ɗan ruwa daga nesa da gora mai fesawa: in ƙarar ta ƙaru, ɗauri ne, in ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, karkacewa ce. Daga nan a kashe a gyara.

Duk wannan a hannun manya yake. Injin da aka ɗauko haya kuɗinsa na tafiya ko yana aiki ko ba ya yi, mai kwangila yana tsaye yana duba agogo, yaron da ke koyon aiki kuwa ba shi da bakin da zai ce, "Maigida, a kashe tukuna." Abin da ya ga maigidansa yana yi shi zai yi, har ya ƙara don a yaba masa. Maigidan da ya zare makulli ya sa a aljihu a gaban yaransa ya koyar da su fiye da wanda ya yi ta faɗa.

In kuma abin ya riga ya faru, farkon aiki kashe inji, saboda haka kowa a wurin, har mai kawo niƙa kullum, ya kamata ya san inda ake kashe shi. Kada a ja mutum da ƙarfi, kada a juya puli don a fito da hannu. A sassauta ɗaurin ko a yanke bel ɗin da wuƙa. A danne ciwon da tsumma mai tsabta a ɗaga hannun sama. Kada a zuba man birki, ko fetur, ko ruwan batir, ko toka, duk ƙara lalata naman suke. In yatsa ya cire, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a tafi da shi tare da mai ciwon zuwa babban asibiti ba tare da an tsaya a kemis ba. Ko ciwon ƙarami ne, a tambayi likita allurar rigakafin sandarewar jijiya, wato tetanus, tunda ƙarfe mai tsatsa da ƙasa ne suka shiga.